Kafin Ku Kaɗa Ƙuri'a Kan 'Yan Sandan Jiha: Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Majalisar Dokokin Jihar Katsina

Mai girma Kakakin Majalisa, masu girma wakilanmu na mazaɓu 34,

Assalamu alaikum warahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, tare da addu'ar Allah ya taya ku riƙon amanar da muka ɗora muku, ina neman izini in yi muku magana a bainar jama'a. Da gangan na tsallake gidan gwamnati, na tsallake Abuja, na nufo zaurenku. In aka bi kundin tsarin mulkin ƙasar nan sashe-sashe, za a tarar da wuya a sami hukumar da aka danƙa wa iko mai yawa kuma ake jin ɗuriyarta kaɗan kamar majalisar dokokin jiha. Ba faɗa na zo yi ba, ranku ya daɗe. Gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba.

Abin da ya taso ni shi ne batun 'yan sandan jihohi. Tun da shugaban ƙasa Bola Tinubu ya zauna da gwamnoni a Fabrairun 2024 aka ce za a duba lamarin, maganar ba ta sake kwanciya ba. Bakatsine kuwa ba sai an yi masa dogon bayani ba. Mutumin Jibiya da Batsari da Safana da Ɗanmusa da Faskari da Sabuwa ya san yadda ake tserewa a bar dawa a tsaye a gona, ya san yadda ake sayar da shanun huɗa a haɗa kuɗin fansa. Ba mu manta daren 11 ga Disamba 2020 ba, da aka kwashi yara fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. Ana yi wa gwamna laƙabi da babban jami'in tsaron jiha, amma sashe na 214 na kundin tsarin mulki ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce tak a Najeriya. Sashe na 215 kuma ya ce gwamna yana iya ba kwamishinan 'yan sanda umarni, sai dai kwamishinan yana da damar cewa a dakata a kai maganar gaban shugaban ƙasa ko ministansa tukuna. Wannan giɓin ne ya sa gwamnatin Malam Dikko Umaru Raɗɗa ta ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma a Oktoban 2023.

Ni dai ina cikin masu ganin ya kamata jiha ta sami 'yan sandanta. Kuma duk yadda aka yi, maganar sai ta biyo ta teburinku, domin sashe na 9 ya ce ba a taɓa harafi ɗaya a kundin nan sai majalisun dokokin kashi biyu cikin uku na jihohi sun amince, wato 24 daga cikin 36. To tambayar da nake so ku yi wa kanku kafin ranar ta zo ita ce: idan aka danƙa wa gwamna, kowane gwamna, runduna da bindigogi da ɗakin tsare mutane, wa zai riƙe hannunsa ran da ya fusata?

Ba daga littafi na ɗauko wannan fargaba ba. Dattawan da suka ga zamanin En'e, wato hukumar gargajiya ta sarakuna, suna nan da ransu a Katsina da Daura da Funtuwa, ku tambaye su. A lokacin muna da 'yan sandan gida, su ne 'yan doka. Sun san kowane lungu, sun san ɓarawo da gidan ubansa, kuma a gaskiya an yi barci da ƙofa a buɗe. Amma ɗan doka da kotun alƙali da gidan yari da mai karɓar haraji duk a ƙarƙashin hukuma guda suke. Da siyasar jam'iyyu ta shigo, bayan kafa NEPU a 1950, sai aka ga abin da haɗa waɗannan a hannu ɗaya yake haifarwa. A hana mutum izinin yin lacca, in ya yi a kama shi, wanda ya kama shi da wanda zai yanke masa hukunci da wanda zai kulle shi duk daga aljihu ɗaya suke karɓar albashi. Wannan yana cikin dalilan da suka sa, bayan juyin mulkin 1966, gwamnatin soja ta narkar da 'yan doka cikin rundunar tarayya, ta kuma cire kotuna daga hannun En'e. Abin da ake shirin yi yanzu dawo da rabin waccan tsohuwar hanya ne. Wanda ya ce kada a tuna abin da ya kashe ta a karon farko bai yi wa jama'a adalci ba.

A nan ne rabon iko ya shigo. Kundin 1999 ya buɗe da cewa shi ne sama da kowa, duk dokar da ta ci karo da shi ta faɗi. Daga nan ya raba aikin gida uku: sashe na 4 ya ba majalisa yin doka, na 5 ya ba shugaban ƙasa da gwamnoni zartarwa, na 6 ya ba kotuna shari'a. Wannan fasali mun gaje shi ne daga kundin 1979, wanda kwamitin da Janar Murtala Muhammed ya kafa a 1975 ƙarƙashin Rotimi Williams ya tsara, aka bar tsarin firaminista irin na Ingila aka ɗauko na shugaba mai cikakken iko irin na Amurka. Waɗanda suka rubuta kundin Amurka a 1787 ba su gina shi a kan fatan za a riƙa samun shugabanni waliyyai ba; sun ɗauka cewa duk wanda ya hau kujera zai so ya faɗaɗa ta, saboda haka suka ajiye wani a gefensa wanda shi ma yake kishin tasa kujerar. Mu ma ba baƙon tunani ba ne a wurinmu. Ko a ƙungiyar gyaran maƙabarta ta unguwa, ba a haɗa wa mutum ɗaya riƙon kuɗi da sayen kaya da duba lissafi, ko da kuwa liman ne. Ba zarginsa ake yi ba, ana tsare masa mutunci ne, ana kuma tsare kuɗin jama'a.

Jihar nan ta ba ƙasa misalai biyu da ya kamata a riƙa karantar da su. A Mayun 2006, lokacin da majalisar tarayya ta yi watsi da gyaran kundin da zai buɗe ƙofar tazarce, Kakakin Majalisar Wakilai ɗan jihar nan ne, Alhaji Aminu Bello Masari. Ranar an ga majalisa ta tsaya a gaban fadar shugaban ƙasa ba ta durƙusa ba. Shekara tara bayan haka, a 2015, gwamnatin da shi wannan bawan Allah yake jagoranta ta rushe zaɓaɓɓun shugabannin ƙananan hukumomin jihar nan bisa zargin almundahana, kuma a Mayun 2021 Kotun Ƙoli ta ce rushewar ta saɓa wa doka, ta ba da umarnin a biya su haƙƙoƙinsu, a rana ɗaya da ta yanke irin wannan hukunci kan jihar Oyo. Ban kawo wannan don in ci zarafin dattijo ba. Mutum ɗaya ne, kujera ce ta bambanta, kuma kowace kujera da irin jarabawarta. Misali na biyu marigayi Malam Umaru Musa 'Yar'aduwa ne. Gwamnatin Obasanjo ta riƙe kuɗin ƙananan hukumomin Legas, Kotun Ƙoli ta ce a 2004 shugaban ƙasa ba shi da wannan hurumi, amma kuɗin suka ci gaba da zama a riƙe. Malam Umaru yana hawa a 2007 ya sa aka sake su, alhali Legas tana hannun jam'iyyar adawa. Muna alfahari da shi, Allah ya jiƙansa. Amma ƙasar da sai an yi dace da mai hali irin nasa kafin a bi umarnin kotu, ai akwai sauran aiki a gabanta.

Bari in tuna muku abin da ke cikin aljihunku, ko da yake kun fi ni sani. Sashe na 120 ya ce ba a fitar da ko kwabo daga asusun jiha sai da dokar da kuka yi. Kasafin kuɗin da gwamna yake kawo muku a ƙarƙashin sashe na 121 roƙo ne, ba ya zama doka sai kun sa hannu. Ba mai zama kwamishina sai kun tantance shi, haka Babban Jojin jiha, haka Babban Mai Binciken Kuɗi, haka shugaba da mambobin hukumar zaɓe ta jiha. In kun yi doka gwamna ya ƙi sa hannu cikin kwana 30, sashe na 100 ya ba ku damar sake zartar da ita da kashi biyu cikin uku, ta zama doka ko ya so ko bai so ba. Sashe na 128 ya ba ku ikon binciken duk wata ma'aikata da ke kashe kuɗin da kuka ware, kuma ya faɗi dalili ƙarara: don a tona cin hanci da sakaci da almubazzaranci. Sashe na 129 ya ce kuna iya kiran kowa ya zo ya ba da shaida, in ya ƙi ku ba da sammaci a kawo shi. Sashe na 125 kuma ya ce rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi gabanku ake kawo shi, kwamitinku na asusun gwamnati ya bi shi layi-layi. Wannan na ƙarshe shi na fi damuwa da shi, domin shi ne wanda ba a yi masa biki, ba a kiran 'yan jarida, kuma a cikinsa ne gaskiyar kowace gwamnati take kwance.

Duk da wannan tarin iko, kun san sunan da talaka ya raɗa wa majalisun jihohi a faɗin ƙasar nan: 'yan amshin shata. Ba daɗi, amma ruwa ba ya tsami banza. Mutane suna gani a talabijin, a jihohi da dama, ana kawo kasafin ɗaruruwan biliyoyi, a yi tafi, a yi hoto, kafin ka ce kwabo an zartar. Suna gani ana kawo wanda za a naɗa kwamishina, maimakon a tambaye shi me zai yi da asibitoci ko makarantu, sai a ce ya rusuna ya wuce saboda tsohon abokin aiki ne. A tsige kakaki da asuba don ya ɓata wa gidan gwamnati rai, wannan ma an sha gani. Ko kun yi ko ba ku yi ba, wannan suna yana bin ku, kuma aiki ne kaɗai zai wanke shi.

Sai dai in zan yi adalci, ba ku kaɗai ke da laifi ba. Duk wanda ya taɓa wucewa ta ƙofar gidan ɗan majalisa da safe ya ga abin da nake nufi. Tun kafin rana ta ɗaga an shimfiɗa tabarmi, an jingine babura a jikin katanga. Wannan yana riƙe da takardar magani da aka rubuta wa matarsa, ta yi laushi don ninkewa. Wancan an koro ɗansa kan kuɗin jarabawa. Ga mai suna jibi ba rago, ga tsohuwa da ta zo tun daga ƙauye a kan buhun taki ɗaya, ga matasa na jiran na shan ruwa. Ba ko ɗaya a cikinsu da ya zo tambayar yadda onarabul ya kaɗa ƙuri'a kan dokar haraji. In ya fito bai raba komai ba, kafin azahar gari ya ɗauka cewa marowaci ne. To mutumin da aka mayar asusun agajin mazaɓa, ina zai samo abin rabawa in bai zauna lafiya da mai riƙe da baitulmali ba? Ga kuma tikitin jam'iyya da kowa ya san inda ake buga shi. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Amma ku lura: kusan duk buƙatun da ke kan tabarmin nan, magani da makaranta da taki, abubuwa ne da aka riga aka ware wa kuɗi a kasafin da kuka zartar. Da bibiyar kasafin ta yi ƙarfi, da layin ƙofar gidanku ya ragu.

Maganar cin gashin kanku ta fuskar kuɗi ita ma ta sha wahala. A zagayen gyaran kundi na 2010, majalisun jihohi da kansu suka kasa ba da adadin da ake buƙata don a 'yanta kuɗinsu, abin da har yau yake ba mutane mamaki. A 2018 aka samu gyaran ya shiga. Da jihohi suka ƙi aiwatarwa, marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya fitar da umarnin zartarwa mai lamba 10 a 2020. Ma'aikatan kotuna, da su ma suke neman a sakar wa kotuna kuɗinsu, suka rufe kotunan ƙasar nan kusan wata biyu a 2021. A Fabrairun 2022 Kotun Ƙoli ta soke umarnin, ta ce shugaban ƙasa ya wuce gona da iri. Niyyarsa mai kyau ce, amma kotu ta yi daidai, domin ba a gyara karya doka da wata karya dokar. Sai a Maris 2023 aka sake ɗinke ɓarakar ta hanyar da ta dace. Yanzu uzurin ya ƙare a kan takarda.

Kada wani ya fassara maganata da cewa ina zuga ku ku yi rigima da gwamna. Wannan ma mun ɗanɗana. A tsohuwar jihar Kaduna, lokacin muna cikinta, Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa na PRP ya ci gwamna a 1979, majalisa kuwa NPN ce ke da rinjaye. Duk sunayen kwamishinonin da ya aika aka dawo masa da su, ya yi mulki ba majalisar zartarwa, har aka tsige shi ranar 23 ga Yuni 1981, gwamnan farko da hakan ta faɗa wa a Najeriya. Kakakin majalisar a lokacin, Alhaji Mamman Abubakar Ɗanmusa, da mataimakin gwamnan da ya gaje shi, Alhaji Abba Musa Rimi, duka namu ne. Har gobe ana gardama a majalisun shayi kan wa ke da gaskiya. Abin da ba a gardama a kai shi ne jihar ta shafe kusan shekara biyu tana kallon kokawa. Tsakanin amshin shata da gaba irin ta 1981 akwai fili mai faɗi, kuma cikinsa ne ake son ku tsaya. Kasancewarku jam'iyya ɗaya da gwamna bai hana ku ce masa wannan rancen ya yi yawa, ko wannan kwangilar a kawo mana takardunta. Rantsuwar da kuka yi da Alƙur'ani a hannu, kundin tsarin mulki ta ambata. Babu sunan jam'iyya a ciki.

Yanzu ga tsarin tarayya. Kullum kukanmu Abuja ta handame komai, kuma kukan yana da tushe. Tarayya ta kankama ne da kundin Lyttelton na 1954, kuma shugabannin Arewa na wancan zamani suna sahun gaba wajen dagewa kowane yanki ya riƙe al'amuransa. A jamhuriya ta farko kowane yanki da nasa kundin. Da Janar Ironsi ya soke tarayya da doka mai lamba 34 ranar 24 ga Mayu 1966, garuruwan Arewa suka yamutse, kuma abin da ya biyo baya kowa ya sani. Amma soja, ko da sun dawo da sunan tarayya, da umarni daga sama suka saba. Aka yi jihohi 12 a 1967, 19 a 1976, muka sami tamu ranar 23 ga Satumba 1987, aka kai 36 a 1996. Mun yi murna, kuma da dalili, sai dai duk sanda aka ƙara yanka jihohi, sai tsakiya ta ƙara ƙiba. Kundin 1999, wanda gwamnatin Janar Abdulsalami Abubakar ta miƙa mana da dokar soja, ya keɓe wa tarayya abubuwa 68 da jiha ba ta isa ta taɓa ba. A rabon arziki tarayya tana ɗaukar kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 20.60.

Ƙofa ta fara buɗewa. Gyaran da Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023 ya sauko da wutar lantarki da jiragen ƙasa da gidajen gyaran hali zuwa jerin abubuwan da jiha ma take iya yi wa doka. Wanda ya bi ta Lambar Rimi ya ga injinan iskar nan a tsaye ya san jihar nan ba ta rasa abin yi da damar lantarki ba. Amma ku dubi abin da kyau: duk ikon da ya sauko daga Abuja, in majalisa ba ta tare shi da doka da bibiya ba, kai-tsaye ofishin mutum ɗaya yake zarcewa.

Kuma abin da muke zargin Abuja da yi wa jihohi, shi jihohi suka daɗe suna yi wa ƙananan hukumomi. Na yi aiki a wata sakatariyar ƙaramar hukuma a wani zamani da ya wuce, ba sai na faɗi wacce ba. A jarida za ka ga an rubuta mana miliyoyi daga rabon wata. Abin da ke isowa hannun ma'aji kuwa, bayan an cire na albashi da na ayyukan haɗin gwiwa da wasu cire-cire da ba mai iya yi maka bayaninsu, da ƙyar yake sayen man janareto da takardun ofis. Iska ta yaye rufin aji biyu a wata firamare da farkon damina. Hedimasta ya rubuto, mai unguwa ya zo da kansa, kansila ya yi ta safa da marwa. Kwano bandir kaɗan da katako da ƙusa ake nema. Ciyaman ya buɗe hannu ya ce sai an rubuta sama. Yaran nan a gindin bedi suka ƙare zangon, in hadari ya taso a tashe su. Wannan fa aiki ne da jadawali na huɗu na kundi ya ce ƙaramar hukuma tana da hannu a ciki, tare da kasuwanni da tashoshin mota da mahauta da maƙabartu da kwashe shara da ƙananan asibitoci.

Ranar 11 ga Yuli 2024, a ƙarar da Antoni Janar na tarayya Lateef Fagbemi ya shigar da jihohi 36, Kotun Ƙoli ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai-tsaye, ta kuma ce kantomomi da kwamitocin riƙo ba su da gurbi a sashe na 7. Masu sukar hukuncin suna da hujja da bai kamata a raina ba. Sun ce sashe na 162 da bakinsa ya kafa asusun haɗin gwiwa, kuma a tarayya ta gaskiya, kamar Amurka, ƙananan hukumomi 'ya'yan jiha ne, ba ruwan tsakiya da su. In Abuja ta fara ciyar da su da hannunta, gobe ita za ta riƙa juya su. Na yarda da rabin wannan. Sai dai wa ya jawo? Da majalisun jihohi sun tsare asusun nan tun farko, da ba a kai ga kotu ba. An kawo musu gyaran 'yancin ƙananan hukumomi a zagayen da ya ƙare a 2023, bai sami jihohi 24 ba. Bayan hukuncin ma an yi ta jan ƙafa wajen aiwatarwa.

Na san abin da wasunku za su ce: in aka sakar wa ciyamomi kuɗi, sata ce za ta rarrabu gida 34. Malaman firamare ma sun daɗe suna tsoron a mayar da albashinsu hannun ƙananan hukumomi, don sun tuna shekarun da aka yi ta bin su bashin watanni. Tsoron gaskiya ne. Amma maganinsa yana zaurenku, domin sashe na 7 ku ya ɗora wa yin dokar da za ta tsara ƙananan hukumomi da kuɗinsu. Ku yi dokar da za ta fara cire albashin malamai da ma'aikatan lafiya kafin komai. Ku ba kansiloli haƙori, su zama majalisa ta gaske wadda ciyaman ba ya kashe kuɗi sai da amincewarta. Ku wajabta a liƙa abin da ya shigo da abin da aka kashe kowane wata a allon sakatariya, da Hausa, da boko da ajami, a kuma karanta a rediyo. Sannan zaɓe. A 2025 jam'iyya mai mulki ta lashe kujerun ciyaman 34 gaba ɗaya a jihar nan, kuma haka labarin yake a kusan kowace jiha, ko wace jam'iyya ce ke gidan gwamnati. A jihar da ake samun 'yan adawa da ƙuri'u masu yawa a babban zaɓe, wannan lissafi ba ya shiga kan kowa. Ciyaman da ya san ba ƙuri'a ce ta kawo shi ba, ba mai ƙuri'a zai ji tsoro ba. Ku ne kuke tantance mutanen hukumar zaɓen jiha. Ku yi musu tambayoyi a fili.

To, mu koma kan 'yan sanda. In gyaran ya iso gare ku, roƙona kada ku zartar da shi a zama ɗaya. Ku fita zuwa Funtuwa da Daura da Katsina ku saurari jama'a da harshensu, ku kira mutanen ƙauyukan da abin ya fi shafa, da masu unguwanni, da Fulani makiyaya da su ma ake kashewa ake kore wa dabbobi, da lauyoyi, da tsofaffin 'yan sanda. Dokar jiha da za ta biyo baya ita ce wurin da za a gane ku. Shugaban rundunar kada ya hau sai da tantancewarku, kada kuma a iya sauke shi da sanarwar rediyo. Ɗaukar ma'aikata ya bi ta hukuma mai zaman kanta, kowace ƙaramar hukuma ta sami kasonta, don kada a wayi gari yaran siyasa sun sa kaki. Albashinsu ya fito daga asusun da ba ya jiran sa hannun kowa, domin mai bindiga da yunwa ba abin wasa ba ne. A kafa wurin kai ƙara wanda tsohon alƙali zai jagoranta, inda wanda aka zalunta zai je ba tare da ya bi ta ofishin wanda ya zalunce shi ba. A rubuta ɓaro-ɓaro abin da aka haramta musu lokacin kamfe da ranar zaɓe. Wanda suka kama kuma a kai shi gaban kotu cikin wa'adin da sashe na 35 ya gindaya, kwana ɗaya inda kotu take kusa, biyu inda take da nisa. Kotunan nan kuwa sai kun tabbatar kuɗinsu yana isa hannunsu kamar yadda kuke son naku ya iso.

Ranar ƙuri'a kuma, don Allah kada a yi ta da murya, masu cewa e su yi ihu a buga guduma. A kira kowane wakili da sunansa da mazaɓarsa, ya miƙe ya faɗi matsayinsa, akawun majalisa ya rubuta, a buga sakamakon a kuma karanta shi a gidan rediyon jiha, yadda mutumin Baure da na Ɗandume kowa zai san abin da wakilinsa ya ce da bakinsa.

Allah ya yi muku jagora, ya ba jiharmu lafiya da zaman lafiya.

Wassalam.

Naku,
Wani tsohon ma'aikacin ƙaramar hukuma, daga Daura.